Tafkin Nakuru: Tambayoyi Kafin Ka Shiga Gandun Dajin da Ke Bakin Gari

Ina wannan wuri yake?

A ƙasar Kenya yake, kimanin kilomita 160 arewa maso yammacin Nairobi. Garin Nakuru, wanda ya samu matsayin birni a 2021, ya manne da gandun dajin, sai shingen waya mai lantarki da ya raba unguwannin mutane da makiyayar ɓauna. Daga tsakiyar gari zuwa ƙofa 'yan mintuna ne a mota.

Har yanzu ana ganin tafkin ya yi ja da tsuntsayen filamingo kamar yadda ake nunawa a hotuna?

Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. A da, waɗannan tsuntsayen ruwa masu dogayen ƙafafu da jaja-jajan gashi kan taru har fiye da miliyan guda, saboda ruwan ba shi da zurfi kuma yana da kanwa, gansakukar da suke ci tana yabanya a cikinsa. To tun farkon shekarun 2010 ruwan ya yi ta hauhawa, ya cinye hanyoyi, ya shanye tsohuwar babbar ƙofa, ya bar itatuwa matattu tsaye cikin ruwa. Da ruwan daɗi ya yawaita kanwar ta tsinke, abincin ya ragu, sai akasarin tsuntsayen suka koma Tafkin Bogoria da ke arewa. Sukan dawo jefi-jefi. Wanda filamingo kaɗai ya kawo shi, gara ya tambayi direbobin yawon buɗe ido inda suka sauka a wannan makon kafin ya biya kuɗin shiga.

To me za a gani?

Karkanda, kuma ita ce a ganina ta cancanci kuɗin mota. Tun shekarun 1980 aka mai da wurin mafakarta, akwai fara akwai baƙa. Farar takan fito fili tana kiwo a ciyawar bakin tafki, kai a sunkuye, faffaɗan bakinta yana yankar ciyawa, ƙananan tsuntsaye na tsintar kaska a bayanta. Baƙar kuwa mai son duhuwa ce, sai mai sa'a. Akwai raƙumin dawa irin na Rothschild da aka kawo a 1977, ƙafafunsa farare daga gwiwa zuwa ƙasa kamar ya sa safa. Ga jakin dawa, ga zaki, ga damisa idan rabo ya rantse. Giwa dai babu.

Kwasakwasa ma ta yi yawa, kuma da dalili: an zuba wata ƙaramar karfasa daga Tafkin Magadi da ke kudancin Kenya don ta cinye tsutsar sauro, sai tsuntsaye masu cin kifi suka biyo ta.

Ana iya yawo a ƙafa?

A'a. A mota ake zagayawa, ba a sauka sai wuraren da aka keɓe, irin su tsaunin Baboon Cliff da ake hango tafkin da garin gaba ɗaya daga kansa. Can ɗin ma a rufe gilashin mota, don gwaggon biri ya saba da mutane, ledar abinci ba ta tsira a hannunsa.

Wane lokaci ya fi?

Sassafe, da zarar an buɗe ƙofa da ƙarfe shida. A tafi da rigar sanyi, domin wurin tudu ne, ya haura mita 1,700 daga teku.