Samar da Lambar UUID a Harshen Java

UUID lamba ce mai tsawon bit 128 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta, wato 0 ko 1) da ake laƙaba wa wani abu a cikin manhaja, ko fayil ne ko ciniki ko rajistar mai amfani, domin a bambanta shi da saura ba tare da an jira wata cibiya ta raba lambobi ba. Ana rubuta ta da haruffa da alƙaluma 32, a rukuni biyar masu tsarin 8-4-4-4-12. Kamfanin Apollo Computer na Amurka ne ya fara amfani da ita a shekarun 1980, daga baya Microsoft ya ɗauke ta da sunan GUID. An shimfiɗa ƙa'idojinta a takardar ma'aunin fasahar intanet mai suna RFC 4122 ta 2005, wadda RFC 9562 ta maye gurbinta a 2024.

Java, harshen da ke gina manhaja bisa ajujuwa da abubuwan da ake samarwa daga cikinsu, yana da ajin java.util.UUID tun fitowar Java 5 a 2004. Kowane abu na wannan aji yana riƙe da lambobi biyu masu bit 64, kuma da zarar an ƙirƙire shi ba ya sake canzawa. Kiran UUID.randomUUID() shi ne hanyar da aka fi bi, yana kuma bayar da nau'i na 4 daga cikin nau'o'in UUID, inda ajin SecureRandom ke cike bit 122 da lambobin da ba a iya hasashensu, ragowar shida kuwa su nuna nau'in lambar da tsarinta. Girman wannan fili shi ne ginshiƙin amincin lamarin, domin sai an riƙa samar da lamba biliyan ɗaya kowace daƙiƙa har kimanin shekaru 86 kafin yiwuwar cin karo da biyu iri ɗaya ta kai rabi. Mai son suna guda ya riƙa ba shi lamba guda a koyaushe sai ya kira nameUUIDFromBytes(), wanda ke samar da nau'i na 3 ta hanyar MD5, wani lissafi da ke mayar da kowane bayani zuwa lamba mai tsayi ɗaya.

Nau'i na 4 yana da rauni a rumbun bayanai. Tun da lambobinsa ba sa zuwa a jere, kowace sabuwa takan faɗa wani wuri dabam a jadawalin bincike (jerin da rumbun ke amfani da shi wajen gano bayanai da sauri), abin da ke rage saurin rubutu idan bayanai suka yi yawa. Wannan ne ya sa RFC 9562 ta zo da nau'i na 7, wanda bit 48 ɗinsa na farko ke ɗauke da lokacin da aka samar da lambar, ta yadda sababbi kan biyo bayan tsofaffi.