Jinyar Iyaye Bayan Dashen Ɓargo

Jinya bayan dashen ɓargo ita ce kulawar da iyali ke yi wa wanda aka dasa wa sabon ɓargo, tun daga ranar sallamarsa daga asibiti har garkuwar jikinsa ta farfaɗo, abin da kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. A Arewacin Najeriya an fi jin labarin dashen a kan yara masu sikila, amma ana yi wa magidanta da iyaye mata masu kansar jini, ko kansar ɓargo da ake kira mayeloma, ko waɗanda ɓargonsu ya daina haifar da jini. Idan uba ne ko uwa ke kwance, nauyin jinyar kan faɗa kan 'ya'ya da abokin zama, kuma sau da yawa a cikin 'ya'yan nan ne ake samun wanda zai ba da ɓargon.

Yadda dashen yake

Ɓargo shi ne masana'antar jini. A cikinsa ake yin jajayen ƙwayoyin jini, da farare masu yaƙi da cuta, da waɗanda ke sa jini ya daskare a kan rauni. Kafin dashe ana ba maras lafiya magungunan kansa masu ƙarfi, wani lokaci har da gashi na haske, domin a kashe tsohon ɓargon, kamar sharar gona kafin shuka. Dashen kansa ba tiyata ba ne: ana ɗura ƙwayoyin sabon ɓargon ta jijiya kamar ƙarin jini, su kuma su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi. Ranar ɗurin ita ce ranar sifiri, daga ita ake ƙirga sauran kwanaki. Sabon ɓargon kan fara aiki cikin mako biyu zuwa huɗu.

Dashe iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗebo ƙwayoyin mutum a adana, a mayar masa bayan magani, wanda aka saba yi wa masu mayeloma. Akwai kuma wanda ake karɓa daga jikin wani. Jinyar na biyun ta fi tsawo da haɗari.

Tarihi

An fara binciken dashen gadan-gadan ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masana suka ga yadda tururin nukiliya ke ƙone ɓargo. A 1957 wani likitan Amurka, E. Donnall Thomas, ya ba da rahoton mutum shida da ya ɗura wa ɓargon wasu. Babu wanda ya daɗe a raye cikinsu. Wajen ƙarshen shekarun 1950 ya gwada tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, ɓargon ya kama, amma kansar ta dawo. A 1958 Georges Mathé na Faransa ya yi wa wasu ma'aikatan tashar binciken nukiliya ta Vinča a Yugoslabiya dashe bayan hatsarin da ya rutsa da su. Yawancinsu sun rayu, ko da yake har yau ana gardama a kan ko dashen ne ya cece su ko kuwa nasu ɓargon ne ya farfaɗo.

Abin da ya buɗe hanya shi ne gano alamomin da ke jikin ƙwayoyin ɗan Adam, waɗanda ake kira HLA, aikin da Jean Dausset ya fara bayyanawa a 1958. Da su ne jiki ke bambance nasa da baƙo. Shekara goma bayan haka, a 1968, Robert Good a jihar Minnesota ta Amurka ya yi nasarar dasa wa wani jariri da aka haifa ba garkuwar jiki ɓargon 'yar'uwarsa. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya mai kansar jini da sikila a lokaci guda, wadda aka yi wa dashe saboda kansar, sai sikilar ma ta tafi. Daga nan aka san dashe na warkar da sikila. A 1988 Eliane Gluckman ta yi dashe da jinin cibiya maimakon ɓargo a birnin Paris. Thomas ya sami kyautar Nobel a 1990.

A Najeriya an yi dashen farko a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye, a kan wani yaro ɗan shekara bakwai mai sikila. Wajen 2012 aka buɗe rajistar masu ba da ɓargo a Inugu, sannan a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas tare da gidauniyar masu sikila ta ƙasa suka fara nasu dashen. Duk da haka manya da yawa daga Kaduna da kewaye Indiya suke tafiya, wasu Masar ko Turkiyya, su dawo su ci gaba da ganin likitocin jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Asibitin Barau Dikko a cikin garin Kaduna.

Wanda zai ba da ɓargo

Tsakanin waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya, damar cikakkiyar dacewar alamomin HLA ɗaya ce cikin huɗu. 'Yan uba ba su cika dacewa gaba ɗaya ba, abin da ke da muhimmanci a gidajen da ke da mata fiye da ɗaya. Ga magidanci mai shekara hamsin da wani abu, 'yan'uwansa ma sun manyanta, wasu da hawan jini ko ciwon suga. Amma kowane ɗa na cikinsa rabin dacewa ne da shi, kuma tun da aka gyara dabarar dashen rabin dacewa a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, 'ya'ya sun zama masu bai wa iyayensu. Yawanci ana yi wa mai bayarwa allura ta kwana huɗu ko biyar, sannan a tace ƙwayoyin daga jininsa da na'ura. Wani lokaci a zuƙo daga ƙashin ƙugu bayan an sa shi barci. Ɓargonsa na cikowa cikin 'yan makonni, kuma ba ya hana haihuwa, tambayar da iyaye mata suka fi yi idan budurwa ce za ta bayar.

Kwana ɗari na farko

Cibiyoyin dashe ba sa sallamar maras lafiya sai an nuna musu mutum guda da zai zauna da shi dare da rana. Shi ne mai riƙe littafin magani da ma'aunin zafin jiki. Dokar da aka fi nanata masa ita ce: idan zafin jiki ya kai digiri 38, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ba a ba da farasitamol a jira gari ya waye, ba a kuma zuwa kyamis a ce maleriya ce, domin jikin da ba shi da fararen ƙwayoyin jini na iya faɗuwa cikin sa'o'i kaɗan.

Wanda ya karɓi ɓargon wani yana shan maganin danne garkuwa, tacrolimus ko ciclosporin, a kan lokaci ƙayyadadde safe da dare, ana kuma auna yawansa a jini. Ba kowane ɗakin gwaji ke wannan awon ba, don haka iyalai kan nemi inda za su riƙa kai jini tun kafin su dawo gida. Dalilin maganin shi ne sabon ɓargon na iya ɗaukar jikin da ya shiga a matsayin baƙo ya far masa, cutar da likitoci ke taƙaita sunanta da GVHD. Alamominta na farko ƙuraje ne a tafin hannu da tafin ƙafa, gudawa mai ruwa, ko idanu su yi ɗorawa. A fata baƙa jan ƙurajen ba ya fitowa fili, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi kaushi, shi ya sa mai jinya kan duba da rana a cikin haske.

Dubiya

Nan ne jinyar ta fi wuya a gidan Bahaushe. Dubiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma wanda ya dawo daga Indiya da rai, unguwa guda ce za ta zo masa barka da arziki: 'yan masallaci, abokan kasuwa, surukai, dangi daga Zariya da Kano, mata da goyo. A gidajen haya na Tudun Wada ko Rigasa a Kaduna, inda tsakar gida ɗaya ce da banɗaki ɗaya, keɓe mutum ma aiki ne. Yaro mai mura ko ƙyanda ko ƙarambau ya isa ya mayar da maras lafiya asibiti.

Abin da iyalai suka fi yi shi ne a tsayar da wani babba a zaure ko falo, wanda ba za a ga raininsa ba, ƙanin Baba ko wata gwaggo, ya karɓi gaisuwa a madadinsa. Ɗan gidan ba zai iya ce wa aminin mahaifinsa ya tsaya a ƙofa ba, amma Kawu zai iya cewa, "Alhaji, a yi mana afuwa, likita ne ya hana, ga shi can ta taga ku gaisa." Wanda aka bari ya shiga sai ya wanke hannu da sabulu, ya sa takunkumi, ba musabaha. Sallar jam'i da ta Juma'a, da zuwa suna da biki da jana'iza, duk sai likita ya ba da izini, kuma ga dattijon da ya saba sahun gaba wannan kan fi masa ciwon zafi. Kaɗaici na cikin abin da ke damun masu baƙin ciki bayan dashe, ga kasala mai ɗaukar watanni wadda 'yan gida kan ɗauka shagwaɓa ce.

Abinci da ruwa

Ƙa'idar ita ce dafaffe, da zafinsa, daga tukunyar gida. Tuwo da miya da aka sauke yanzu ba su da laifi. Ɗumame da ya kwana ba a firiji ba yana da shi. Ana hana fura da nonon talla, kunun aya da zoɓon da aka ƙulla a leda, tsire da kilishi da balangu, ɗanyen salak, da ƙwai da bai nuna sosai ba. Ruwan sha a tafasa shi. Ruwan garehul na ƙara ƙarfin tacrolimus a jini. Masu dubiya kan zo da zuma da habbatus sauda da jiƙe-jiƙe da kyakkyawar niyya; a karɓa a yi godiya, amma ba a ba shi sai likita ya gani, saboda hanta da ƙoda suna ɗauke da nauyin magani.

Likitoci sun saɓa a kan tsananin takura abinci. Wasu bincike ba su ga amfanin hana 'ya'yan itace da aka wanke da kyau ba.

Hunturu da sauro

Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ƙurar gini, da kashin kaji da na tattabaru, suna ɗauke da ƙwayoyin fumfuna masu kama huhu. Ana goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, a ɗauke akurki daga kusa da taga, a rage turaren wuta. Gidan sauro dole ne.

Azumi da rigakafi

Ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun sauƙaƙa wa maras lafiya, ya rama daga baya ko ya ciyar. Likitoci kan hana azumi muddin ana shan maganin danne garkuwa, saboda ƙishirwa na cutar da ƙoda.

Dashe na goge rigakafin da mutum ya yi tun yana yaro, don haka ake sake masa daga wata shida zuwa shekara. Allurar ƙyanda da ta shawara, masu ƙwayar cuta mai rai, sai bayan shekara biyu, abin lura ga mai niyyar Hajji ko Umara. Rukunin jininsa ma kan koma na wanda ya ba shi ɓargon, don haka tsohon katinsa na asibiti ba abin dogaro ba ne idan za a ƙara masa jini.

Kuɗi

Kuɗin dashe miliyoyin naira ne masu yawa, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ninka shi ga masu fita waje. Iyalai kan sayar da fili ko gida, su yi karo-karo, su nemi taimako a masallatai da rediyo. Mafi yawan lissafin kan tsaya a ranar sallama, alhali magani da gwaje-gwaje da zirga-zirgar shekarar farko wani kuɗi ne daban, ga kuma wanda ya ajiye aikinsa ko karatunsa ya zauna jinya, wanda a mafi yawan gidaje 'ya mace ce.