Bindigar Harbin Kifi a Ƙarƙashin Ruwa: Ire-irenta da Gyaran da Ake Mata a Gida

Bindigar harbin kifi makami ne na su da mai nutso ke shiga ruwa da shi, ya hangi kifin da yake so da idonsa, ya sake masa kibiyar ƙarfe mai ɗaure da igiya. Ba ta da harsashi ba ta da albarushi, ƙarfinta daga roba ne ko iskar da aka matse. Su da mashi dai tsohon abu ne, Sarkawa sun san shi tun kaka da kakanni, amma wannan ta zamani a gaɓar tekun Bahar Rum ta bunƙasa, musamman kudancin Faransa da Italiya wajen shekarun 1930, lokacin da gilashin ido na nutso ya fara yaɗuwa. Shi yasa har yau tsofaffin kamfanonin da ke ƙera ta can suke, Beuchat a Marsai ta Faransa, Cressi da Mares a Italiya.

Abu na farko da ya kamata mutum ya gane shi ne ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, dan haka kibiyar da za ta yi nisa a tudu, cikin ruwa mita uku zuwa biyar ta gaji. Duk wani ƙira da gyara da ake yi a kan wannan matsalar yake zagayawa.

Wadda ta fi yawa a duniya ita ce mai roba. Aikinta kamar danƙon harbin tsuntsu na yara ne, ka ja roba baya ka maƙala ta a wani tsagi da ke jikin kibiya, kunama ta riƙe, ka danna ta saki. Jikinta bututun alminiyam ne ko kabon ko katako, kibiyar kuma ƙarfe mara tsatsa mai kaurin milimita 6.5 zuwa 8, kusa da tsininta akwai ɗan kunne mai lilo wanda ke kwanciya in kibiya za ta shiga, in ta huda kifi sai ya buɗe ya tokare. Robar yawanci milimita 14, 16 ko zuwa 20 ce, kuma ana yanka ta yadda in an ja za ta miƙe kamar ninki uku zuwa uku da rabi na tsawonta. Tsawon bindigar yana kamawa daga santimita 50 har 130 ko fiye, dogayen na teku ne mai garau inda kifi ke tsayawa nesa, gajerun na ruwa mai duhu da ramukan duwatsu.

Sai mai iska. Ita ana dura mata iska da famfon hannu, in ka tura kibiya ciki sai ta danna fistin baya iskar ta ƙara matsuwa, ka danna kunama iskar ta turo fistin gaba. Iskar ba ta fita, dura ɗaya yana daɗewa. Gajeriya ce ga ƙarfi, amma tana da ƙara, kuma in zoben robar ciki ya lalace ta fara yoyo to an shiga matsala. Wannan ba ta gyaran gida ba ce, kar ma a fara kwance ta alhali da iska a ciki. Akwai kuma mashi mai roba a gindi wanda ba shi da kunama sam, ka zura hannu a robar ka ja ka riƙe sandar, in ka buɗe hannu ta tafi. Ga mai koyo ni a ganina shi ya fi, ga arha ga koya wa mutum haƙurin matsawa kusa da kifi.

To batun ƙirar gida. Ba sabon abu ba ne, masuntan Bajau na yankin Filifin da Malesiya da Indonesiya da katako da roba da sandar ƙarfe suke haɗa tasu, kuma da ita suke ci da iyali. A nan Jos ma katako ba wuya, mutum ya shiga Kasuwar Katako zai samu madaci ko loko, sai dai masu ƙira na waje sun fi son katakon tik saboda man da ke jikinsa yana hana ruwa cinsa. Inda ake kuskure shi ne a ɗauko guntun katako guda a fere, bayan ya sha ruwa ya sha rana sai ya karkace, kibiya ta riƙa tafiya gefe kai kana zaton hannunka ne. Abin da gwanaye ke yi, su tsaga shi falle uku ko huɗu, su juya jijiyar kowane falle ta saɓa wa na kusa da shi, su manne da gam ɗin ifoksi, su bar shi ya huta makonni kafin kafinta ya gyara shi ya fitar da kwarmin da kibiya za ta kwanta. Wannan kwarmin in bai miƙe sak ba sauran aikin duk banza ne.

Robar tif na mota da ake yankawa tana aiki a harbin kusa, amma yawancin tif na yanzu ba robar asali ba ce, ba ta da saurin komawa. Gara mutum ya yi odar robar gaske. Kuma rana da mai suna kashe ta, a wanke a ajiye a inuwa, da ka ga ta fara tsattsagewa wajen ƙulli ka canza.

Gyaran da kowa ke ɗoki shi ne ƙara roba ta biyu ko ta uku, wai don ƙarfi, kuma a nan ne ake ɓata bindiga mai kyau. In jikin ba nauyi za ta yi naushi baya bakin ya ɗaga, siririyar kibiya kuma ta riƙa lanƙwasa tana wutsil-wutsil a hanya, ka ƙara ƙarfi ka rasa saiti. Masu katako suna magance wannan da faɗaɗa jikin da binne ɗan darma a ciki har ta zama ba ta nutsewa da sauri ba ta kuma tasowa da baki. Uwa uba kunama. Kowace kunama akwai iya nauyin da za ta ɗauka, ta ƙusa da waya da aka lanƙwasa wajen mai walda za ta iya saki da kanta ba a taɓa ta ba, wallahi ko komai na bindigar na gida ne wannan ɗaya a saye ta daga masu ƙerawa. Wasu kuma suna sa ƴan tayoyi biyu a baki, robar ta taso daga ƙasa ta zagayo kansu, sai ta riƙa jan kibiya tun daga gindi har baki, gajeriyar bindiga ta yi aikin doguwa kuma naushin ya ragu. Ana sa faifan naɗe igiya ma, ko a ɗaura doguwar igiya da jarka mai yawo a sama, yadda in babbar tarwaɗa ta ja ba kai za ta ja ba.

A ruwayen Filato gajeriya ce ta dace, santimita 50 zuwa 75, don da damina ruwan ja yake zama, wani lokaci ko tafin hannunka ba ka gani, sai da rani yake ɗan washewa, lokacin kuma ga sanyin hunturun Jos da ke sa jijiyar ƙafa ta ɗaure. Kududdufan da haƙar kuza ta bari suna da zurfi, gefensu a tsaye yake, ƙasansu laka, sun ci rayuka da dama, ba wurin gwajin sabuwar bindiga ba ne. Madatsun ruwan sha irin na Lamingo kuwa suna da hukumar da ke kula da su, sai da izini.

Ba a ɗana ta a tudu, ba a harba ta a tudu, domin kibiyar na iya tsinke igiya ta wuce ko igiyar ta fizgo ta baya kan mai harbin. Ba a nutso mutum ɗaya, suma saboda riƙe numfashi tana zuwa ba sallama, sau da yawa dab da fitowa saman ruwa, dan haka ɗaya ya nutsa ɗaya ya tsaya yana kallonsa. Gilashin ido kuma yana ƙara wa kifi girma kamar kashi ɗaya cikin uku, sabon shiga sai ya harbi ƴar karfasar da ba ta isa ci ba, a ɗan dakata a sake dubawa kafin a danna.