Tseren mota na miƙaƙƙen layi: ga amsoshinku, ku bar ni in huta

Tun ranar da ɗan ƙanina ya ɗora bidiyonmu a Facebook, ni da shi da 'yata muna gwajin tashin mota, wayata ba ta huta ba. A gareji a Apo a tare ni, a wurin ɗaurin aure a tare ni, har bayan sallar Juma'a wani ya riƙe mini hannun riga. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga su nan na tattara, duk wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Kawu, a wane titi kuke yi? Na ga hanyar filin jirgi da asuba babu kowa.

Da wannan na fara don ita ce take ɓata mini rai. Ba a titi muke yi ba, kuma ba zan koya wa ɗan kowa a titi ba. Wannan "babu kowa" da kake faɗa, akwai mata masu shara da suka fito tun duku-duku, akwai ma'aikacin da ya taso daga Lugbe yana tsallaka kwalta don ya kama motar farko, akwai tifa da ta mace a gefe ba fitila, sai ganyen da yaron mota ya zuba a bayanta. Hanyar Kubwa ma haka take. Iyakar gudun motar gida a irin waɗannan manyan hanyoyi kilomita 100 ne cikin awa, a cikin gari kuma 50.

Sannan ku tashi kawai kuke hangowa, ba ku tuna tsayawa. Gudu in ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa huɗu yake yi. A 2008 a jihar New Jersey ta Amurka, Scott Kalitta, wanda ya taɓa zama zakaran irin wannan tsere har sau biyu, yana tuƙa motar ƙungiyar mahaifinsa injin ya kama da wuta, lemar da ke tsayar da motar ta lalace, filin tsayawa ya ƙare masa, ya rasu. A filin da aka gina don tsere ke nan, da 'yan kwana-kwana a tsaye. Bayan mutuwarsa ne aka rage wa motoci mafi gudu nisan tserensu zuwa ƙafa 1,000, kusan mita 305. Kai kuma kana ba ni labarin hanyar filin jirgi.

Inda muke yi filin kwalta ne mai katanga da ƙofa ɗaya, da izinin mai shi, da mutum a bakin ƙofar. Ba shi da tsawo, don haka tashi kawai muke koya, mita 18 na farko, sai birki. Cikakken gudu sai a taron da aka shirya shi, aka rufe wurin da izinin hukuma, ga motar asibiti.

Wai mene ne ma wannan tseren?

Mota biyu, layi miƙaƙƙe, daga tsaye. Rubu'in mil, wato mita 402, ko rabin haka, mita 201. Turawa na ce masa dirag. Babbar hukumarsa ita ce NHRA, Wally Parks ya kafa ta a Kalifoniya a 1951, kuma dalilin kafa ta shi ne a kwashe samari daga titi a kai su fili.

Ba shi ne wasan motar da ake yi a biki ba?

A'a. Wancan juyi ne a tsakiyar mutane, kuma ba ruwana da shi.

Yaushe ake ƙona taya a yi hayaƙin nan?

Kai ba za ka yi ba. Masu tayar tsere, wadda ba ta da zane, su ke ɗumama ta don ta kama kwalta. Tayar motar gida ba abin da hayaƙi zai ƙara mata sai saurin komawa wurin mai taya. In ka ga inda aka zuba ruwa kafin layin tashi, kewaye shi.

Na taka da ganin koriyar fitila, amma kullum 'yarka tana riga ni tashi. Me ya sa?

Don ka jira koriya. A gaban motocin akwai sanda mai fitilu. Ƙananan na sama suna nuna tayarka ta gaba ta iso layi. Daga nan ruwan ɗorawa guda uku su kunnu ɗaya bayan ɗaya, rabin sakan tsakaninsu, sai koriya bayan wani rabin sakan. Kafin ido ya gaya wa ƙafa, kafin ƙafa ta gaya wa mota, kafin taya ta gangara ta bar layi, rabin sakan ɗin nan ya tafi. Saboda haka da ganin ruwan ɗorawa ta uku ake takawa. In ka yi gaggawa ka bar layi kafin koriya, ja ce za ta kunnu, ka faɗi tun ba ka je ko'ina ba.

Akwai manhajojin waya da ke kwaikwayon fitilun. 'Yata da su ta koya, bayan sallar isha'i, ita da ƙannenta a kan tabarma suna musu a kan wa ya fi. Wata biyu tana haka kafin in bar ta ta taɓa sitiyari a fili.

Motata ba ta da ƙarfi, ai kunya zan sha.

Kwantar da hankalinka. Yawancin motocin gida irin su Corolla tsakanin sakan 16 zuwa 18 suke cinye mita 402, kuma ba wanda zai yi maka dariya sai wanda bai taɓa tsayawa a layi ba. Akwai tsarin da aka yi domin irinku. Kowa zai faɗi lokacin da yake zaton motarsa za ta yi, a rubuta a gilashi. Kai ka ce 17.50, abokin karawarka ya ce 14.00, to za a ba ka koriya sakan 3.5 kafin shi. In ka yi sauri fiye da abin da ka faɗa, ka ce 17.50 ka yi 17.40, ka faɗi, sai dai in shi ya fi ka wuce nasa ko ya ci ja. Wanda ya san motarsa, yake maimaita abu ɗaya kullum, shi ke kwashe kofi. Da tsohuwar Vectra ma ana iya kayar da mai sabuwar Marsandi.

Mota ɗaya ce a gidanmu, ita ake kai yara makaranta. Za ta jure?

To, zauna. Wannan ba a amsa ta a tsaye. Za ta iya jurewa, za kuma ta iya kwana uku a gareji, kuma ko na duba motar da idona ba zan rantse maka ba.

Fara da giya. Atomatik ta gargajiya, irin ta Camry da tsofaffin Corolla, ita ce ta fi haƙuri. Ƙafar hagu a birki, ka ɗan taɓa totur har allurar injin ta ɗaga kaɗan, ka saki birki ka taka. Amma duk sakan ɗin da ka riƙe ta a haka man giya dahuwa yake yi, don haka biyu ko uku, kada ka wuce. In kuwa irin giyar nan ce ta CVT mai aiki da bel, wadda ke cikin Nissan da yawa da sababbin Corolla, ni dai ba zan yi da ita ba. Wani zai ce maka ya yi sau ashirin lafiya, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma ranar da ta ƙi ba shi zai biya ba, kuma ba kowane bakanike ke iya buɗe ta ba.

Giyar hannu kuma kuloci ne ke shan wahala. In ka sake shi a hankali yana cin kansa, za ka ji ƙauri. In ka fizge ƙafa gaba ɗaya da injin a sama, motar da tayar gaba ke ja sai ta fara tsalle, bam-bam-bam, kamar ana dukan ƙasanta da taɓarya. Da jin haka ɗaga ƙafa. Ɗan ƙanina bai ɗaga ba. Golf ce ta mahaifiyarsa, a tashi na uku muka ji ƙwas, injin yana ihu mota tana tsaye, giris ya fantsama a cikin taya. Shaf ya tsinke, kujerar injin ɗaya ta yage. Ranar Litinin a tasi aka kai ƙannensa makaranta, ni kuma matar ƙanina ta yi mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Laifina ne, ni ne babba a wurin.

Sai zafi. Tsakanin tashi da tashi a bar ta ta huce, minti 15 ko 20, a ɗaga bonet, kuma kada wanda ya taɓa murfin lagireto. A kashe AC, yana cin ƙarfi, yana kuma ɗigar da ruwa a kan kwaltar da wani zai taka. Duba taya: a gefenta akwai lamba huɗu, 2319 na nufin mako na 23 a 2019 aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ba taya, tayar Kwatano kuwa da yawa sun ninka haka tun kafin su sauka a jirgin ruwa. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, sai ya tafasa lokacin da ka fi buƙatarsa. In ba ka tuna ranar da aka canza shi ba, canza.

Inshorar nan ta dole da kowa ke yanka ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba motarka ba. Babbar ma ka karanta takardarta da kyau, galibi an cire tsere a ciki.

In mota lafiyayyiya ce, tashi huɗu ko biyar a yini, a natse, mai yiwuwa ba za ta ji komai ba. Mai yiwuwa na ce. In mai motar bai sani ba, amsa a'a ce. In ya sani amma babu kuɗin kuloci da shaf a ajiye, ita ma a'a ce, ku haɗa hannu ku sayi wata tsohuwa wadda in ta kwanta ba wanda zai makara aiki.

In cire salansa da indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa, za ta ƙara gudu?

Ƙara za ta ƙaru. Maƙwabta za su tsine maka, fitilar injin ta kunnu, agogo kuma bai san ka yi ba. In so kake ta yi sauƙi, kwashe buhunan da ke but.

Motar da ke tashi kamar doki a Abuja, in na hau Jos da ita sai ta yi sanyi. Bakanike a Farin Gada ya ce fulogi ne.

Bar fuloginka. Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200, Abuja ba ta kai rabin haka ba. Iskar sama ba ta da kauri, injin kuma iska yake shaƙa. Wanda ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Sanyin hunturun Jos yana ɗan rama mata, don iska mai sanyi ta fi kauri, amma ba duka ba. Lokacin da ka rubuta a Abuja kada ka ɗora shi a gilashi a Jos.

Ɗana shekararsa 12, yana so.

A Amurka tun 1992 NHRA ke da rukunin yara, daga shekara 5 zuwa 17, da ƙananan motocin da aka ƙera musu, a mita 201, kowane zango na shekaru da iyakar saurinsa. Wannan daban da miƙa wa yaro makullin Camry. A nan lasin tuƙi sai shekara 18. Kai shi wurin go-kat, akwai su a Abuja, ka ba shi manhajar fitilu, ka ba shi littafi da biro.

Mace za ta iya?

Shirley Muldowney ta zama zakarar rukuni mafi gudu a 1977 da 1980 da 1982. Brittany Force, 'yar zakaran tsere John Force, ta ɗauka a 2017 da 2022. Tawa 'yar kuma kun ga bidiyo. Wuce.

Zan iya ɗaukar ƙanina a gefe ya ɗauki bidiyo?

Haba! Mutum ɗaya a mota, da bel, da hular kwano ta gaske, ba irin ta roba da 'yan acaɓa ke ratayawa don 'yan sanda ba. Wai an zo da iyali ai ba don a cika mota ba ne. A wurinmu kowa da aikinsa: ƙanina yana ƙofa, ɗansa yana auna iskar taya kafin kowane tashi, autana yana rubuta lokaci da ƙarfe nawa da yadda rana take, uwargida tana riƙe da tukunyar kashe gobara, kuma ita ce in ta ce ya isa a tattara. Mai bidiyo yana bayan layin tashi, ba gaba ba, ba gefe ba.

Ƙafata rawa take in na tsaya a layi.

Tawa ma ta yi, a kan kuloci, har mota ta mace mini a gaban yarana. Zai wuce. Karon farko kada ka nemi kayar da kowa, tashi kamar danja ce ta ba ka hannu a Berger, ka riƙe sitiyari miƙe, ka dubi nesa. In ka ji mota ta karkata ko wani sauti ya canza, ɗaga ƙafa, ba wanda zai tambaye ka dalili. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya zo yana cewa shi bai san tsoro ba, irinsu nake ba wa aikin ƙofa.

Hajiya ta ce ba da yawunta ba. Kawu, ko za ka yi mata magana?

A'a. Ita ta haife ka, ba ni ba.

To yaushe za ku sake fita in zo?

Kawo motar gareji a Apo tukuna in ga taya da birki. Ka zo da lasinka, da hularka, da mai motar da kansa, ba saƙonsa ba.