Wane ne Dakta? Ƙa'idar digirin girmamawa a jami'o'in Najeriya

Wani kawuna mai sayar da atamfa ya kira ni shagonsa, ya zaro wata takarda mai kauri daga ƙarƙashin littafin bashi ya miƙo mini. "Kai ɗan boko, karanta mini wannan, an ce wai an zaɓe ni." Takarda ce mai hatimi ruwan zinariya, wata ƙungiya ce ke sanar da shi cewa saboda hidimarsa ga al'umma za ta ba shi digirin dakta na girmamawa a wani otal. A shafi na biyu, da ƙananan haruffa, aka jera kuɗin rajista, kuɗin alkyabba da hula, da kuɗin hoto. Na ce, "Kawu, ai waɗannan ba jami'a ba ne." Ya ce, "To ina ruwana, ba Dakta za a riƙa ce mini ba?"

Wannan tambayar tasa ita ce gaba ɗayan maganar, kuma tana da amsa a ƙa'ida.

Ban da ta likitoci, hanya biyu ake bi a kai ga kalmar dakta a jami'a. Ta farko ita ce digirin digirgir: mutum ya yi shekaru yana bincike ƙarƙashin malamin da ke duba aikinsa, ya rubuta kundi, sannan ya tsaya ya kare shi gaban masu jarrabawa, ciki har da malamin da aka ɗauko daga wata jami'ar. Ta biyu kyauta ce. Jami'a ce ke duba rayuwar wani ta ce aikin da ya yi wa ilimi ko jama'a ya isa a yaba masa, sai ta yafe masa zaman aji da jarrabawa. Shi ya sa ake liƙa wa irin wannan digiri kalmomin Latin honoris causa, wato "domin girmamawa". Al'adar ta tsufa, tun wajen shekarun 1470 Jami'ar Oxford ta Ingila ta ba wani Lionel Woodville irinsa. Akwai kuma manyan jami'o'in da ba sa bayarwa sam, kamar MIT da Stanford a Amurka.

A dokokin da suka kafa jami'o'in tarayya, ba shugaban jami'a ne ke zama shi kaɗai ya zaɓi wanda za a karrama ba. Majalisar malamai, wadda ake kira Sanet, ita ke miƙa suna ga majalisar gudanarwa ta jami'a, ita kuma ta amince ko ta ƙi. A sakin layi ɗaya da wannan ne doka ta ambaci muƙamin farfesa emeritus, wato shehin malamin da ya yi ritaya amma jami'a ta bar masa suna da gurbi saboda abin da ya bari. Ita dai wannan Sanet ɗin ce ke tantance sakamakon ɗalibai, ita ke tabbatar da wanda ya fita da daraja ta ɗaya, abin da a yawancin jami'o'inmu ke nufin maki 4.50 zuwa sama cikin 5.00. Ka ga kenan hatimi ɗaya ne a kan takardun uku. Yarinyar da ta yi shekara huɗu tana karatu da fitilar waya don ta riƙe makinta, da farfesan da ya yaye ɗaruruwan ɗalibai, da baƙon da aka sa wa jar alkyabba, duk da sunan majalisa ɗaya aka karrama su. In aka sayar da na ukun, darajar na farko da na biyu ake ragewa.

Shugabannin jami'o'i sun daɗe da sanin abin ya lalace. A watan Satumba na 2012 ƙungiyarsu ta yi taro a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ta fitar da matsayar da ake kira Yarjejeniyar Keffi, wadda aka ce ta fara aiki daga Janairun 2013. Sun amince kada jami'a ta wuce mutum uku a shekara, kuma jami'ar da ba ta da sashen karatun gaba da digirin farko, ba ta taɓa yaye mai digirgir ko ɗaya ba, ba ta da hurumin ba wani na girmamawa. Wannan sharaɗi na biyu hankali ma ya ɗauka, wanda bai taɓa saƙa ko ƙyalle ba ba ya rabon riguna. Sun kuma ce kada dukiyar mutum, ko abin da ake sa ran zai kawo, ya zama dalilin zaɓensa.

Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne na masu riƙe da muƙami. Duk wanda ke kan kujerar gwamnati, zaɓarsa aka yi ko naɗa shi aka yi, ba a ba shi sai ya sauka. Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda jami'ar jiha ke rayuwa. Gwamna shi ne mai ziyara na jami'ar a doka, shi ke naɗa majalisar gudanarwa, daga hannunsa albashi ke fitowa. In wannan jami'a ta tashi ta ce ta duba duk faɗin ƙasa ba ta ga wanda ya fi gwamnanta cancanta ba, wa zai yarda? Ko da ya cancanta ɗin, ba yadda za a raba yabo da roƙo. A jira ya sauka, in bayan shekara biyar har yanzu ana ganin aikinsa, digirin bai gudu ba. Abin mamaki, ko kuma ba abin mamaki ba, kaɗan ne ake nema da alkyabba bayan sun bar ofis.

Sai dai Keffi yarjejeniya ce tsakanin abokan aiki, ba doka ba. Babu hukunci a cikinta, babu wanda aka ɗora wa kama mai laifi. Shugaban jami'ar da ke neman wanda zai gina masa ɗakin kwanan ɗalibai yana iya kau da kai, kuma da yawa sun kau.

A Nuwamban 2025 ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta shigo da ƙarfinta. Babban sakatarenta, Farfesa Abdullahi Yusufu Ribadu, ya bayyana rahoton wani kwamiti da ya gano cibiyoyi 32 da ke aiki kamar injin buga digirin girmamawa: 10 jami'o'in waje ne da ba a tantance ba, 4 na cikin gida ne marasa lasisi, 15 ƙungiyoyin ƙwararru ne da ba su da ikon ba da digiri kowane iri, sai wasu 3. Lura da wannan 15 ɗin, kusan rabi kenan, kuma irin su ne suka rubuto wa kawuna. Hukumar ta jaddada haramcin ba masu muƙami, ta ce jami'ar da aka amince da ita kaɗai ke iya bayarwa. Bambancin NUC da ƙungiyar shugabannin jami'o'i shi ne ita tana da doka a bayanta. Dokar mafi ƙarancin ma'aunin ilimi da kafa makarantu, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 16 ta 1985, ita ta ba ta ikon shimfiɗa ma'auni da tantance kwasa-kwasai. Jami'ar da ke tsoron a janye mata amincewar kwas za ta saurara.

Yanzu ga amsar tambayar kawu. Matsayin hukumar shi ne wanda aka ba digirin girmamawa, ko da daga jami'a ta gaskiya ne, ba zai sa "Dr" gaban sunansa ba. Wannan na masu digirgir ne da likitoci. Abin da ya halatta masa shi ne ya rubuta sunansa, sannan a bayansa ya sa sunan digirin tare da alamar cewa na girmamawa ne, misali D.Litt (h.c.) ga na adabi ko LL.D (h.c.) ga na shari'a. Ba zai ɗauki takardar ya nemi koyarwa da ita ba, ko ya duba aikin ɗalibin bincike. Ghana ma ta bi wannan hanya a 2025, inda hukumarsu ta manyan makarantu ta riƙa rubuta wa fitattun mutane, har da 'yan siyasa, cewa su cire laƙabin daga sunayensu.

A nan ne ƙa'idar ke karo da bakinmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, kuma har gobe Dakta Mamman Shata ake cewa, babu wanda ke jin an yi ƙarya, domin kowa ya san da kalangu ya samo shi, kuma ya cancanta. Mu mutane ne masu son laƙabi, Alhaji, Malam, Injiniya, Barista, kuma kiran babba da sunansa tsirara rashin kunya ne. Ba na jin akwai hukumar da za ta iya hana maroƙi ko mai gabatarwa a wurin ɗaurin aure faɗin Dakta. Ba kuma shi ƙa'idar ke nufi ba. Abin da take bi shi ne abin da mutum ya rubuta da hannunsa: katin ofis, takardar neman aiki, fom ɗin takara, allon gaban asibiti ko makaranta. NUC ta kira wannan yaudara, kuma zamba da sojan gona laifuka ne a dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa. Wanda ya sa "Dr" a allon kemis har mara lafiya ya ɗauka likita ne, shi ne ya fi kusa da alƙali.

Digirin girmamawa kyauta ce, don haka ana iya ƙwace ta. A 2007 Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya ta janye wanda ta ba Robert Mugabe, shugaban Zimbabwe na lokacin, bayan shekara ashirin da uku da ba shi.

Na buɗe wa kawu jerin jami'o'in da NUC ta amince da su a shafinta na intanet, muka duba tare, sunan ƙungiyar ba ya ciki. Na nuna masa shafin kuɗin, na ce jami'ar gaskiya ita ke ɗinka wa baƙonta alkyabba, ba ta aiko masa da lambar asusu. Ya yi shiru yana juya takardar, ya ce hatimin dai ya yi kyau. Daga nan ya ninke ta biyu ya tokare ƙafar teburinsa da ke rawa, ya ce wa yaron shago ya sauko da bandir ɗin da ke sama, ga mai saye ta shigo.