Layin Dogo na Ffestiniog da Ƙungiyar da ta Farfaɗo da Shi

Layin dogo na Ffestiniog siririn layi ne a arewa maso yammacin Wales, cikin Birtaniya, wanda ya tashi daga garin Porthmadog da ke bakin teku ya haura tsaunuka zuwa Blaenau Ffestiniog, tafiyar kusan kilomita 22. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 597 ce, ba ta kai rabin ta manyan layukan ƙasar ba. An kafa kamfaninsa da dokar majalisa a 1832, shi ya sa ake ɗaukarsa kamfanin jirgin ƙasa mafi daɗewa a duniya da har yau yake aiki.

An buɗe layin a 1836 domin sauko da dutsen sileti, wato falalen dutsen nan mai launin toka da ake rufin gidaje da shi, daga mahaƙar Blaenau zuwa tashar jiragen ruwa. An shimfiɗa shi a kan gangara mai ɗorewa, ta yadda taragun da aka loda suke gangarowa da nauyinsu, dawakin da za su ja su zuwa sama bayan an sauke kaya kuwa suna tsaye cikin nasu taragon a baya. Kawunan jirgi masu tururi sun fara aiki a 1863, aka soma ɗaukar fasinja a 1865. Da kasuwar sileti ta faɗi sai layin ya bi ta: an daina jigilar fasinja a 1939, ta dutse kuma a 1946. Abin da ya ceci layin shi ne dokar 1832 ba ta tanadi yadda za a rushe shi ba, don haka ƙarafan suka zauna a inda suke, ƙaya da ciyawa suka rufe su.

A 1951, shekarar da 'yan sa-kai suka karɓi ragamar Talyllyn, wani siririn layin dogo a Wales, wasu masu kishin jiragen ƙasa sun yi taro a Bristol, daga nan ƙungiyar Ffestiniog ta samo asali. Ƙungiya ba ta iya tafiyar da jirgi a kan layin da ba nata ba, sai da wani ɗan kasuwa mai suna Alan Pegler ya sayi mafi yawan hannun jarin kamfanin a 1954, aka kuma damƙa hannun jarin ga wata gidauniyar amintattu. Tun daga lokacin abin ya tsaya a kan duwatsun murhu uku: kamfani yana gudanar da jirage yana ɗaukar ma'aikata, gidauniya tana riƙe da mallaka don kada wani ya sayar ko ya kwashe riba, ƙungiya kuma tana kawo kuɗin mambobi da ƙarfin hannunsu. Wannan rabon aiki ya cancanci yabo, domin shi ya ba 'yan sa-kai bakin magana da hukumomi da manyan kamfanoni a matsayin kamfani mai doka a bayansa. Jirgin fasinja ya sake tashi a 1955 daga Porthmadog zuwa Boston Lodge, inda masana'antar kamfanin take, ya kai tashar Tan-y-Bwlch a 1958.

Dangantakar da ta fi wahalar da su ita ce ta hukumar wutar lantarki. A daidai lokacin da ake sharar layin daga ɓangaren Porthmadog, hukumar ta tsara tashar lantarki a Tanygrisiau mai tafki biyu, inda ake tura ruwa sama sa'ad da buƙatar wuta ta yi ƙasa, a sako shi ya juya injuna idan buƙata ta tashi. Tafkin ƙasa ya shanye wani sashe na layin, aka kuma toshe tsohon ramin da jirgi ke bi ta cikin dutsen Moelwyn. Tashar ta fara aiki a 1963. Kamfanin ya nemi diyya, shari'ar ta ɗauki fiye da shekara 18, sai a 1972 aka yanke masa fam 106,000 saboda ribar da ya rasa.

Ba su zauna jiran hukunci ba. Daga 1965 zuwa 1978 'yan sa-kai suka fasa sabuwar hanya mai tsawon kusan kilomita 4 da za ta bi ta saman tafkin. Matsalar ita ce tsawo: dole layin ya ɗaga kimanin mita 11 ba tare da hawan ya fi ƙarfin kan jirgi ba. A Dduallt, wurin da ko hanyar mota babu, suka sa layin ya kewaya wani tudu ya dawo ya tsallake kansa a kan gada, har fasinja na iya leƙowa ta taga ya ga ƙarafan da ya baro a ƙarƙashinsa. Yawancin aikin da diga da shebur da ƙananan taragun turawa aka yi shi, a ƙarshen mako da lokutan hutu, cikin ruwan sama da sanyin tsaunukan Wales. Sabon ramin Moelwyn kuwa injiniyoyin haƙar kuza daga Cornwall ne suka jagoranci huda shi. Hanyar ta wuce ta bayan ginin tashar lantarkin, abin da bai yiwuwa sai da amincewar hukumar da aka daɗe ana shari'a da ita. A 1982 jirgi ya sake shiga Blaenau Ffestiniog, a sabuwar tashar da suka yi tarayya da British Rail, kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati a wancan zamani.

Masana'antar Boston Lodge ita ce ƙashin bayan kamfanin. A can aka ƙera kan jirgin Merddin Emrys a 1879, irin mai fuska biyu da injiniya Robert Fairlie ya tsara, a can kuma aka ƙera kawunan jirgin David Lloyd George a 1992 da James Spooner a 2023. Tana kuma yi wa wasu layukan tarihi aiki, tana horar da matasa sana'ar ƙarfe da kafinta. Da wannan ƙwarewa kamfanin ya sake gina layin Welsh Highland mai kilomita 40, daga Caernarfon zuwa Porthmadog, tsakanin 1997 da 2011, inda ya sayo manyan kawunan jirgi irin Garratt da suka yi aiki a Afirka ta Kudu. A gefen Porthmadog siririn layin yana ratsa babban layin ƙasa kai tsaye, don haka sai da aka daidaita sigina da Network Rail, kamfanin da ke kula da manyan layukan dogo na Birtaniya.

A 2021 UNESCO ta sanya yankin sileti na arewa maso yammacin Wales cikin wuraren tarihi na duniya, har da wannan layi. Damuwar da ke gabansa yanzu ita ce makamashi. A shekarun 1970 an mayar da kawunan jirgin masu ƙona mai saboda tartsatsin kwal yana tayar da gobara a dazuzzukan gefen layi, daga baya tsadar mai ta sa aka koma kwal. Mahaƙar kwal ta Ffos-y-fran da ke kudancin Wales, wadda layukan tarihi da yawa suka dogara da ita, ta rufe a 2023, lamarin da ya tilasta musu sayen kwal daga ƙasashen waje da gwada wasu nau'o'in makamashi da aka sarrafa.