Art Blakey

Arthur Blakey, wanda duniya ta fi sani da Art Blakey, makaɗin ganga ne Ba'amurke kuma jagoran ƙungiyar kiɗan jaz mai suna Jazz Messengers. An haife shi ranar 11 ga Oktoba 1919 a birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania, ya rasu ranar 16 ga Oktoba 1990 a New York. Bayan ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, shi ya sa abokan sana'arsa ke kiransa Bu. Ana lissafa shi tare da Kenny Clarke da Max Roach cikin waɗanda suka sauya yadda ake kaɗa ganga a jaz na zamani. Amma abin da ya fi fito da shi shi ne yawan matasan da suka yi yaranta a hannunsa cikin shekara talatin da biyar, suka tashi suka zama iyayen gidan kansu.

Tasowarsa

Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, wata mata makusanciyar gidansu ce ta rene shi. Da fiyano ya fara, kuma tun yana saurayi yake kiɗa a gidajen rawa na Pittsburgh don neman abin sawa a baki. Labarin komawarsa ganga shi da kansa ya riƙa bayarwa: wai mai gidan rawar da yake aiki ne ya ji wani yaro, Erroll Garner, yana taɓa fiyano, sai ya tilasta wa Blakey ya tashi ya koma bayan ganguna. Blakey gwanin ba da labari ne, kuma yakan ƙara gishiri, don haka masu tarihi na ɗaukar irin waɗannan labarai nasa da taka-tsantsan.

A 1942 ya yi kiɗa da Mary Lou Williams, daga nan ya bi ƙungiyar Fletcher Henderson yawo. Makarantarsa ta gaske ita ce babbar ƙungiyar Billy Eckstine, inda ya zauna daga 1944 zuwa 1947. Ta wannan ƙungiya su Dizzy Gillespie, Charlie Parker, Fats Navarro, Dexter Gordon, Miles Davis da Sarah Vaughan suka ratsa, a daidai lokacin da sabon salon jaz mai suna bibop ke tsiro. A 1947 ya kaɗa wa makaɗin fiyano Thelonious Monk a faifansa na farko da kamfanin Blue Note ya naɗa, kuma a watan Disamba na shekarar Blakey ya naɗi nasa na farko a matsayin jagora, da sunan Messengers.

Musulunci da batun Afirka

A ƙarshen shekarun 1940 mawaƙa da makaɗa baƙaƙen fata da dama a Amurka sun shiga Musulunci, yawancinsu ta hannun 'yan Ahmadiyya, kuma Blakey na cikinsu. Ya ce ya je Afirka ta Yamma a wannan tsakanin, kuma ya sha nanata cewa addini da falsafa ya je nema, ba kiɗa ba. Har ƙarshen rayuwarsa yana kan bakansa cewa jaz kiɗan Amurka ne, baƙaƙen Amurka suka ƙirƙira shi, kada a jingina shi ga Afirka. Duk da haka shi ne ya naɗi jerin faifai da taron makaɗa na Afirka da Karebiyan: Orgy in Rhythm a 1957, Holiday for Skins a 1958, sai The African Beat a 1962, wanda a cikinsa akwai Solomon Ilori ɗan Najeriya, da Yusef Lateef da Ahmed Abdul-Malik.

Jazz Messengers

Daren 21 ga Fabrairu 1954 Blue Note ta naɗi wasan Blakey kai tsaye a gidan rawa na Birdland da ke New York, tare da Clifford Brown a ƙaho, Lou Donaldson a saksofon, Horace Silver a fiyano da Curly Russell a bas, wato babban abin kiɗa mai tsarkiya da murya mai kauri. Faifan ya fito da sunan A Night at Birdland. Ba a daɗe ba shi da Silver suka kafa Jazz Messengers da Kenny Dorham, Hank Mobley da Doug Watkins, ƙungiyar haɗin gwiwa wadda ba ta da ubangida guda. Silver ya fita a 1956, Blakey ya riƙe sunan har mutuwarsa.

Salon da suka kafa shi ake kira had bop. Ya gaji saurin bibop da wuyarsa, amma ya dawo da kiɗan bulus (blues) da sautin majami'un baƙaƙen fata, irin kiɗan da mai sauraro zai iya kaɗa kai ya bi. Faifan da ya fi bayyana wannan shi ne Moanin', wanda aka naɗa ranar 30 ga Oktoba 1958 a ɗakin naɗi na Rudy Van Gelder da ke garin Hackensack na jihar New Jersey, da Lee Morgan, Benny Golson, Bobby Timmons da Jymie Merritt. Timmons ne ya tsara taken da faifan ya ci sunansa, mai amshi irin na kira da amsawa. Golson ya kawo yawancin sauran, kuma shi ya shigo da waɗannan matasa 'yan Philadelphia, ya sa wa ƙungiyar tsari. A ƙarshen shekarar suka je Faransa, inda suka yi wasa a Paris har suka yi wa fina-finai kiɗa.

Wayne Shorter ya shigo a 1959 ya zauna zuwa 1964, shi ke tsara yawancin kiɗan. Wannan ne lokacin da masu sauraro da yawa ke ɗauka ƙungiyar ta kai ƙololuwa. A Janairun 1961 suka je Japan, aka karɓe su hannu bibbiyu, kuma Blakey ya ci gaba da komawa can shekara da shekaru. A wannan shekarar ƙungiyar ta koma mutum shida, da Freddie Hubbard, Curtis Fuller da Cedar Walton, daga baya Reggie Workman ya karɓi bas. Daga hannunsu aka samu Mosaic, Caravan, Ugetsu, sai Free for All na 1964, wanda kusan babu faifan da Blakey ya kaɗa da zafi irinsa.

Ko a lokacin bai daina kaɗa wa wasu ba. Yana cikin Somethin' Else na Cannonball Adderley a 1958 da Soul Station na Hank Mobley a 1960.

Yadda yake kiɗa

Ana gane hannunsa daga daƙiƙun farko. Yakan matsa sanduna a kan ƙaramar ganga su yi ta kakkarwa, sautin ya taso daga ƙasa-ƙasa ya kumbura har ya fashe daidai inda sabon mai busa zai shiga. Da ƙafar hagu yake haɗa farantan tagulla biyu da ƙarfi a bugu na biyu da na huɗu, ba ya sassautawa, sai ya zama duk ƙungiyar na tafiya a kan wannan bugun. Yakan kuma danna gwiwar hannu a fatar ganga ya sauya muryarta, kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya. Bai damu da nuna gwaninta shi kaɗai ba. Aikinsa tura mai busa ne daga baya, idan yaro ya fara lalaci ya ƙara masa wuta, kuma yana son kowa ya tsara nasa kiɗan ya kawo. Wanda ya ƙware kuwa ba ya riƙe shi.

Shekarun baya

Daga tsakiyar shekarun 1960 kasuwar jaz ta ja baya a Amurka, kiɗan rok da na lantarki suka mamaye. Blakey bai sauya salo ba. Keith Jarrett da Chuck Mangione sun ratsa ta wurinsa, suna cikin Buttercorn Lady na 1966, Woody Shaw ma ya yi zamansa. A 1971 da 1972 ya zaga duniya da Giants of Jazz, tare da Gillespie, Monk, Sonny Stitt, Kai Winding da Al McKibbon. A London a 1971 ya sake kaɗa wa Monk, a naɗin da ya zama na ƙarshe da Monk ya jagoranta a ɗakin naɗi.

Bobby Watson ya riƙe tsarin kiɗa daga 1977. Zuwan Wynton Marsalis a 1980, yana ɗan shekara goma sha takwas, shi ya dawo da hankalin jama'a kan ƙungiyar, ɗan'uwansa Branford ma ya biyo shi. Da suka tafi a 1982 Terence Blanchard da Donald Harrison suka maye gurbinsu, kuma faifansu New York Scene na 1984 ya ci kyautar Grammy. A wannan lokaci kunnen Blakey ya yi nauyi ƙwarai, da girgizar dandamali da idonsa yake bin 'yan ƙungiyar.

Faifansa na ƙarshe, One for All, an naɗe shi a 1990. Ciwon daji na huhu ne ya yi ajalinsa, kwana biyar bayan ya cika shekara 71. A 2005 aka ba shi Grammy ta girmamawa kan aikin rayuwarsa. Tony Allen, makaɗin Legas da ya gina bugun Afrobeat tare da Fela Kuti, ya sha faɗin cewa daga faifan Blakey da na Max Roach ya koyi abubuwa da yawa, kuma a 2017 ya fitar da ɗan gajeren faifai a Blue Note inda ya sake kaɗa wasu daga cikin kiɗan Jazz Messengers da salonsa.